Kifin Talaka A Karu: Daga Wane Ruwa Yake Fitowa?

A wannan mako za mu ɗan bar manya da kujerunsu, mu leƙa cikin kwanon talaka. Maganar da nake so mu yi ita ce ta kifi, inda za mu tsaya mu dube ta kuwa shi ne Karu, watau garin nan na Gbagyi da ke gabas da birnin Abuja, a gefen hanyar da ta nufi Keffi. Kada mai karatu ya rikice, Karu biyu ce. Akwai ta cikin Yankin Birnin Tarayya, mai maƙwabtaka da Nyanya da Jikwoyi da Kurudu, akwai kuma Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, inda Mararaba da Masaka suke. Ta farkon nake nufi, ko da yake wanda ya san wurin ya san iyakar nan a takarda kawai take.

Tun daga 1976 da aka kafa dokar gina Abuja, har zuwa watan Disamba na 1991 da Gwamnatin Tarayya ta tare, ofisoshi da gidajen manyan ma'aikata aka fi yi wa tanadi a tsakiyar birnin. Masinja da direba da akawu da maigadi da birkila, su da suke juya birnin da rana, a bayan gari suke kwana. Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson motocin da ke tasowa daga Nyanya, ya bi ta Kugbo ya nufi shataletalen A.Y.A. da sassafe, ya san yawansu. Mutumin da ya bar ɗaki da asuba, bai komo ba sai bayan isha'i, sau da yawa ma iyalinsa suna can Bida ko Katsina ko Wukari, ba shi da lokacin hura wuta. Cikinsa yana hannun masu rumfa. Don haka abin da ake sayarwa a rumfunan nan ba ƙaramar magana ba ce, shi ne abincin dubban mutane kowace rana ta Allah.

Da magariba ta yi, in ka bi ta kewayen kasuwar Karu ko tashoshin mota, hancinka zai riga idonka sanin abin da ake ciki. Ga mata a bakin titi da manyan kasake suna suya, ana haɗa wa mai saye da doya ko dankali ko burodi. Ga samari sun jera karfasa a kan waya bisa gawayi, sun tsattsaga jikinta sun cusa attarugu da albasa da citta. Can ciki ga mai farfesu da baho cike da tarwaɗa masu rai, ka nuna wadda ta yi maka, a buge ta a gabanka, kafin ka gama wanke hannu tukunya ta soma tafasa da kimba da masoro. Ga kuma mai tuwo, wadda ba ta tallar kifi ko kaɗan, amma ƙamshin miyar kukarta daga gutsuren banda yake fitowa. Babu allo a ƙofa, babu takardar jerin abinci. Benci ne da tebur mai shimfiɗar leda, da buta, da fitila mai caji saboda halin wutar lantarki. Masu hannu da shuni sukan tafi kasuwar barikin soja ta Mogadishu, wadda gasasshen kifinta ya yi suna ƙwarai, har bom ɗin da ya tashi a can ran 31 ga Disamba 2010 bai hana ta komowa ba. Amma mai ƙaramin albashi a unguwarsu yake tsayawa.

To, jama'a, ga tambaya. Abuja ba ta da teku, ba ta kuma bakin Kwara ko Binuwai. Duk wannan kifi daga wane ruwa yake fitowa?

Amsar ba ta da daɗin ji. Mafi yawan wanda ake soyawa a bakin titi ba ɗan ƙasar nan ba ne. Titus da kote da shawa da fanla, duk kifin ƙanƙara ne. An kamo su a teku mai nisa, waɗansu jiragen Norway da Holan da Rasha ne suka kamo, waɗansu daga gaɓar Muritaniya, an daskarar da su, an sauke a tashar jiragen ruwa ta Apapa. Daga nan manyan motoci masu sanyi su kwaso, su yi tafiyar fiye da kilomita 700 ta Lokoja, su juye a ɗakunan sanyi, mafi shahara a kasuwar kifi ta Kado da ke can ɗaya ɓangaren birnin. Mai suya ta tafi ta sayo kwali guda ko rabi, ta biya kuɗin mota ta ratso Abuja da shi. Jami'an gwamnati da bakinsu sun sha faɗi cewa ƙasar nan tana bukatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da muke samarwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba.

Abin da aka sayo da dala kuwa, dala ce ke yanke masa farashi. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni na shekarar aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa. Dalar da gwamnati take sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Kwalin kifi ya bi ta, kuɗin mota ya bi ta, man da ake zuba wa injin ɗakin sanyi shi ma ya bi ta. Mai suya ta san masu sayenta, ta san in ta ninka kuɗi sau uku ba wanda zai tsaya, saboda haka sai ta koma ga wuƙa. Kifin da a da take rabawa uku, yanzu biyar yake fita, har ana rububin kai da wutsiya don sun fi araha. An ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma duk magidancin da ya raba wannan kuɗi tsakanin haya da mota da makarantar yara ya san abin da ya rage wa miya.

Tarwaɗar baho ita kam 'yar gida ce, amma ba ta taɓa ganin kogi ba. Kiwata ake yi. A Karshi da Orozo da Kuje da Gwagwalada, mutane da yawa, musamman ma'aikatan da suka yi ritaya, sun gina tafkunan siminti ko sun kafa na tamfol a bayan gida. Cikin wata huɗu zuwa shida tarwaɗa takan kai kilo guda in ta sami abinci, kuma babu ƙasar da ta kai Nijeriya kiwon irin wannan tarwaɗa a duniya. Wannan abin yabo ne, ba na raina shi. Sai dai abincin nata shi yake cinye wajen kashi biyu cikin uku na jarin mai kiwo, kuma da masara da waken soya da garin kifi ake yin sa, mai kyaun ma daga waje ake kawowa. Da masara ta yi tsada, tarwaɗa ta yi tsada. Ambaliyar 2022 ta kwashe tafkuna da yawa a bakin Binuwai da Kwara, waɗansu masu kiwon ba su sake komawa ba. Ga shi farfesun da leburori suke sha a da ya zama abin ranar albashi. Kuma a faɗi gaskiya, wanda ya tashi a bakin ruwa ba ya rikita ta da ta kogi: ta tafki kitse ya yi mata yawa, tsokarta ta cika laushi, romonta ba ya kama harshe.

Nan ne abin yake ci mini rai. Mu fa ba baƙin kifi ba ne. Sarkawa da Kabawa da Nufawa da Kakanda da Jukunawa, da Buduma na tsibiran Tafkin Chadi, sun gaji su kaka da kakanni, da koma da taru da birgi da gura da mamari. Harshenmu cike yake da sunayen kifi: giwan ruwa, ragon ruwa, ramboshi, yauni, bargi, tsage, ƙurungu, faliya, gaiwa mai kwana cikin busasshen taɓo har damina ta dawo, da mijiriya mai girgiza wanda ya taɓa ta. Ka tara yaran da aka haifa a Karu, 'ya'yan Hausawa, ka tambaye su. In sun faɗi uku daga ciki sun yi ƙoƙari, amma kowannensu ya san titus.

Kakanninmu kuma sun warware matsalar nisa tun kafin a san ƙanƙara. Hayaƙi suka sa. Banda ba ta bukatar lantarki, ba ta bukatar mota mai sanyi, takan yi watanni a kwando, kuma gutsure kaɗan ya isa ya gyara tukunyar gida guda. Ita ce ainihin kifin talaka. Babbar mahaifarta kuwa Baga ce da Doron Baga, inda manyan motoci suke lodi su sauke a Maiduguri, daga can a rarraba har Onitsha da Enugu da Ikko. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye shi ƙwarai, duk da haka su bai tsaya ba. Abin da ya karya kasuwar shi ne rikicin Boko Haram. An yi ɓarna a Baga a watan Afrilu na 2013, aka sake yin wadda ta fi ta a watan Janairu na 2015, garin ya watse, har kwalejin koyon aikin kifi ta tarayya da ke can ta koma Maiduguri. Sojoji kuma suka hana fataucin kifin tafkin na tsawon lokaci, bisa dalilin cewa 'yan ta'adda suna karɓar haraji a kansa. An soma mayar da mutanen Baga gida a 2020, amma kasuwar da ta shekara da shekaru a kwance ba ta miƙewa dare ɗaya.

Sauran ruwayen ma kowanne da ciwonsa. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan gama madatsar a 1968, ya ba da kifi mai yawa a shekarun farko, Yawuri da Sabuwar Busa suka amfana, daga baya yawan masunta da taru mai ƙananan idanu, wanda ba ya barin ko 'ya'yan kifi, suka rage shi. A fadamar Haɗeja da Nguru, madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da kifi yake hayayyafa a cikinta, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa. A kewayen Shiroro 'yan bindiga sun kori ƙauyuka da yawa daga bakin ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ƙarshensa a tukunyar mai tuwo ta Karu yake bayyana.

Akwai kuma laifin da yake namu, ba na fari ko na yaƙi ba. Tun da daɗewa waɗansu marasa tsoron Allah suke zuba Gamalin a ruwa don kifi ya taso, su kashe babba da ƙarami. Waɗansu 'yan kasuwa kuma suna yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari, irin su fiya-fiya da Sniper, don kada tsutsa ta ci musu jari. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni barkatai, amma hani daban, bin sawu daban. Tsofaffin masu sayen banda sukan ce, in ka ga tarin kifi a fili ƙuda ba ya kusantarsa, kai ma kada ka kusance shi. Uwargida ta riƙa jiƙa shi a ruwan zafi da gishiri ta wanke sosai, in kuwa ta ji warin magani, to, asarar kuɗin ta fi kwanan asibiti sauƙi.

Bari mu ɗan tsallaka mu ga yadda waɗansu suka yi da nasu kifin talakan. Ƙasar Italiya teku ya kewaye ta ta gefe uku, gaɓarta ta haura kilomita 7,000, tamu kuwa 853 ce. A garuruwansu na bakin ruwa akwai ƙananan gidajen abinci na iyali da suke kira taratoriya, miji a wajen murhu, mata a wajen kuɗi, tebur kaɗan, ba wani ƙawa. Abincin da suka fi alfahari da shi asalinsa na matalauta ne. A birnin Livorno akwai wata miya da suke kira kacukko, wadda masunta suka ƙago daga tarkacen kifin da ya kwana bai sami mai saye ba: a dafa da tumatir da tafarnuwa da barkono, a zuba a kan gasasshen burodin da ya kwana. A gaɓar gabas akwai 'yar'uwarta burodetto, kowane gari da irin tasa, kowane gari kuma yana rantsuwa tasa ce ta ainihi. Sadin da sauran ƙananan kifaye masu araha, waɗanda a da mai kuɗi ba ya kallo, yau baƙi daga Amurka da Jamus suna biyan kuɗin jirgi su je su zauna a benci su ci. Ashe farfesunmu da miyar bandarmu ba su rasa kome ba, sai masu daraja su.

Wani abin mamaki ma, mu da su a kasuwa ɗaya muke sayayya. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da 'yan kasuwar Ibo suke kira okporoko, wanda ba a rasa shi a kasuwar Karu, a tsibiran Lofoten na Norway ake shanya shi a iska. Manyan masu sayensa a duniya su ne Italiya da Nijeriya. Su suke ɗaukar zaɓaɓɓen, mu kuwa kawuna ne suka fi zuwa mana.

Ba cewa nake yi Italiyawa sun fi mu ruwa mai albarka ba. Bahar Rum ma an yi masa kamun wuce kima, kuma mafi yawan kifin da suke ci su ma daga waje suke sayowa. Abu biyu ne nasu suka tsaya mini a rai. Na ɗaya, kowace shekara akan tsayar da manyan jiragen su masu jan taru na makonni, don kifi ya sami sararin girma, gwamnati kuma ta ba masuntan abin da za su riƙe kansu. Na biyu, a dokarsu mai gidan abinci ba shi da ikon ba ka kifin ƙanƙara ya ce sabo ne. Dole ya sa alama a takardar abinci, in ya ɓoye kuwa laifin zamba ne, kotu ce za ta raba su. A nan kuwa sau nawa aka sayar wa mutum tarwaɗar tamfol da sunan ta Lokoja, ya biya kuɗin kogi?

Hutar da ruwa ma ba sai mun koya daga Turai ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 don karrama ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, ba don kome ake fid da manyan giwan ruwa a ranarsa ba sai don an hana taɓa ruwan Matan Fada a sauran shekara. Sarkin Ruwa ya rufe, ba mai jefa koma. Abin da sarakunan ruwa suke yi da baki ɗaya, yau ma'aikatu da motoci da takardu sun kasa. A watan Agusta na 2023 an kafa sabuwar ma'aikata ta harkokin teku, daga baya aka ɗauke sashen kifi daga Ma'aikatar Gona aka mayar can. Muna fata dai sunan teku ba zai sa a manta ba cewa mafi yawan kifin da ake kamawa a ƙasar nan masu ƙananan kwale-kwale ne suke kamo shi, kuma da yawansu a Yawuri da Ibi da Nguru suke, ba su taɓa ganin teku ba.

Wani zai ce, duk wannan dogon bayani a kan abin marmari? Ba marmari ba ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa sun fi rabi. Nama ya daɗe da fin ƙarfin talaka, ƙwai ya bi sahu. Ƙananan busassun kifin nan da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya ko a kunun yaro, su ne abu na ƙarshe mai araha da ya rage, kuma likitoci sun tabbatar suna gina jiki da ƙashi. In su ma suka kuɓuce, tuwo da ruwan kuka kawai ya saura.

Su kansu rumfunan a kan siraɗi suke. Yawancinsu ba su da takardar wuri, yau suna nan, gobe motar rusau ta bi ta kansu, mai rumfa ta kwashe kaskonta ta koma wani lungu. Wanda bai san ko zai kwana a wuri ba, ba zai kashe kuɗi ya gina magudanar ruwa ko ya ja famfo ba, sa'an nan a dawo a ce masa ƙazami. Waɗanda suka sami wuri mai kyau kuma, da yawansu sai sun haɗa da giya kafin ciniki ya biya haya, abin da ya sa magidanci mai kamun kai ba ya iya zuwa da iyalinsa, sai dai a ƙunshe masa a leda ya wuce.

Abin da nake roƙon Majalisar Birni ta Abuja, wadda Karu take ƙarƙashinta, bai fi ƙarfinta ba. A keɓe wa masu kifi wani sashe a kasuwar Karu, da ruwan famfo da magudana da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, don mai suya ta huta da ratsa birni zuwa Kado. A ba masu rumfa takardar zama ta shekara da haya daidai ƙarfinsu. A sa sikeli, a kuma wajabta wa kowa ya faɗi gaskiyar abin da yake sayarwa, na kogi ne, na tafki ne, ko na ƙanƙara. Ma'aikatan duba-gari su riƙa leƙa buhunan banda kamar yadda ake duba nama a mayankar Karu. Kuɗin da ake karɓa a hannun matan nan kullum da sunan tikiti ya isa a fara da shi.

Masu karatu na Yawuri da Argungu da Haɗeja da Ibi da Baga kuma, ina neman taimakonku. Ku rubuto mana sunayen kifin da ake kamawa a ruwanku da, waɗanda yanzu aka daina gani, da shekarar da kuka yi musu ganin ƙarshe in kun tuna. Za mu buga su a wannan fili yadda suka iso.